Wayar Gilas a Cikin Buhun Gari

Tun ranar da na sauka Bungudu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai a yanyame ni. "Lawali, yaya Ikko?" "Lawali, wai har ƙasar masu Faransanci ka shiga?" "Da gaske ne wayar da ka ɗauko ko ƙarfe babu a cikinta?" In na fara ba da labari na kai tsakiya, sai wani ya iso ya ce don Allah a koma farko. To na gaji. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai wayarin ne. Na daɗe ina yi wa Alhaji Bawa aiki, mai kamfanin sayen hatsi da auduga, wanda babban ofishinsa da sitonsa ke Gusau, yana da reshe a Tsafe da wani nan Bungudu. Aikina bai wuce ƙwan fitila da fanka da lallashin janareta ba. Ana nan, ba a daɗe da ba mu jiha ba, sai Alhaji ya je Kano ya ga wani abu, ya dawo ya ce shi ma sai kwamfutocinsa sun riƙa magana da juna. Yana so yana zaune a Gusau ya san abin da ya shiga sito a Tsafe, ba sai ya tayar da mutum a babur ba. Aka ɗauko wani Injiniya Haruna daga Kaduna, ya kafa dogayen ƙarafa uku masu eriya, ɗaya a kowane gari, don saƙo ya riƙa tafiya ta iska.

Na Gusau can kan tudu aka kafa shi, bayan sito, da ɗan nisa daga ofis. Aka ja wayar jan ƙarfe daga gindinsa har ofis. Ruwan farko na damina aradu ta faɗa wa ƙarfen nan, ta biyo wayar kamar an nuna mata hanya, ta shiga ofis ta gasa kwamfuta biyu. Akawunmu ya fito waje ba hula ba takalmi, yana salati.

Injiniya ya ce maganin abin ɗaya ne, wayar gilas, wadda haske ke bi ta cikinta maimakon wuta. Aradu ba ta da abin bi a jikinta. Ya nema a Kaduna da Kano bai samu wadda aka riga aka haɗa wa kawuna ba, sai dai Ikko. Shi kuwa ba zai iya barin aikin ƙarfen Tsafe ba. Dole a aiki wani.

Alhaji ya duba ofis, ya nuna ni da carbi.

Akawu ya yi wuf ya ce, "Alhaji, Lawali fa ko Zariya bai taɓa wucewa ba."

Alhaji ya ce, "Shi za ya tahi. In ya kawo ta lahiya, Injiniya ya koya mai aikin, shi zai riƙe mani na'urorin ga duka uku. In ko ya kasa, sai mu ɗauko wani daga Kaduna, shi ya koma ga ƙwan hitilarshi."

Kun ji abin da na ɗora a kaina na fita da shi. Ni ba tsoron ƙwan fitila nake ba, mun saba. Dariyar Akawu nake tsoro, da kuma a ce an ba Lawali dama sau ɗaya a rayuwa ya zubar.

Injiniya ya rubuta mini takarda: wayar gilas mita ɗari uku mai zare huɗu, da kawunanta a haɗe, ƙananan akwatuna biyu masu juya wuta ta zama haske, wayar eriya mai kauri ta jan ƙarfe, da kawunanta. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Lawali, na jan ƙarfen ko jifa aka yi da su ba komai. Amma ta gilas ɗin, kada a lanƙwasa ta, kada a taka ta, kada a ɗaure ta da igiya. In ta karye daga ciki ba za ka gani ba, kuma duk jihar nan babu mai iya ɗinke ta."

Da safe na hau doguwar bas a tashar Gusau. A Kucheri muka ɗauki wani Bafillace mai suna Jauro, zai bi shanunsa da aka yi gaba da su a tirela. Ya zauna kusa da ni, ya ba ni goro, ya tambaye ni abin da zai kai ni kurmi. Na gyara zama na yi masa bayani dalla-dalla, yadda haske ke shiga ta wannan baki ya fita ta wancan ɗauke da magana. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Igiyar nan, tana ɗaure maraƙi?" Na ce a'a, ko lanƙwasa ta ba a yi. Ya ce, "Ana jan guga da ita?" Na ce a'a. Ya kalle ni da tausayi ya ce, "Allah ya sa maigidanka ya samu lafiya." Daga nan har Birnin Gwari bai sake yi mini maganar ba.

A Mokwa taya ta fashe, muka yi zaman awa uku ƙarƙashin mangwaro. A Jebba na ga ruwan da ya sa na daina kiran gulbinmu gulbi. Amma inda na san na bar gida shi ne Ilori, wurin cin abinci. Aka ajiye mini wani baƙin tuwo mai santsi, da koriyar miya mai yauƙi kamar lalo, aka malala jar miya a kai. Na ce wa mai abincin ko tuwon ya ƙone ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira 'yar'uwarta ta maimaita mata. Loma ɗaya na kai, barkono ya bi ta hanci ya fito ta ido. Jauro kuwa ya ciro furarsa daga jaka ya dama, ko kallon kwanon bai yi ba.

A Ikko na sauka wurin Malam Ummaru, mutumin Mada, mai sayar da albasa. Alhaji ne ya haɗa ni da shi. Ɗaki ɗaya mu shida, na bakwai ɗinmu albasa. Har yau in na buɗe jakata sai ido ya yi mini ruwa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a garin nan shi ne gaisuwa. Na tsayar da wani mutum zan tambaye shi hanya, na fara yadda aka koya mini, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Kafin in kai ga yaya aiki ya dafe aljihunsa ya ja da baya. Ummaru ya ce, "A nan in ka yi gaisuwa ta wuce ɗaya, to wani abu kake nema." Motarsu kuma ba ta tsayawa a sauka, rage gudu kawai take, kai ka san yadda za ka yi da ƙafafunka. Saukata ta farko da gwiwa na yi ta.

Kasuwar kayan lantarki kuwa, kai jama'a! Duk wanda na nuna wa takardar Injiniya sai ya ce akwai, in zauna. Ya ruga ya dawo da wayar talabijin ko ta tarho, ya rantse ita ce. In ciro wuƙata in fere baki, in ga jan ƙarfe yana ƙyalli, in ce ba ita ba ce. Ni da na yi shekaru ina faɗa da 'yan kasuwa don sun ba ni waya marar jan ƙarfe, yau ga ni ina mayar da waya don tana da shi. Wani har ya fusata ya ce, "Aboki, ƙarfe mai kyau ne fa!" Na ce ai shi ne laifinta.

Sai kwana na biyu muka dace da wani ɗan kabilar Ibo mai gaskiya. Ya karanta takardar sau biyu, ya haɗo mini akwatunan da duk kayan jan ƙarfen, ya ce amma wayar gilas mai kawuna sai Kwatano, a ƙasar masu Faransanci. Can kayansu ke sauka, can kuma mai haɗa kawunan take. Na ce "take"? Ya ce e, mace ce. Na ɗauka Turancina ne ya gaza.

Ummaru ya ce zai raka ni, dama yana da abokan ciniki can. Muka kama hanyar boda. Shiga ba ta yi wuya ba, na nuna katina da wasiƙar kamfani, aka yi mini tambayoyi, aka ce in wuce. Taku kaɗan na yi, sai na ji duk Turancin da na tara tun firamare ya zama ba shi da amfani. Kabu-kabun garin duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, kamar 'yan makaranta ɗaya. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi bakin titi. Burodinsu dogo ne siriri, mai tauri, mutum zai iya kora akuya da shi.

Mun isa shagon matar rana ta take, muka tarar da shi a garƙame. Na maƙwabta ma a rufe. Na ce, "Ummaru, wani babba ya rasu a unguwar nan."

Ya ce, "Barci suka tafi. Sai ƙarfe uku."

Na ce, "Barci? Da rana tsaka? Ranar kasuwa?"

Mu a Gusau in ka rufe shago da rana, kafin la'asar mutum goma sun zo gidanka gaisuwa. Haka muka zauna a dakali muna gwagwiyar sandar burodi har suka farka.

Madam Selestin, mai haɗa kawunan, ta iso a kan ƙaramin babur, gajeriya, da tabarau rataye a wuya. Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci, Ummaru ne a tsakiya, shi ma rabin abin da yake fassarawa ina zargin ƙirƙira yake. Ta auna wayar, ta fere baki. Ciki zare huɗu ne, kowanne da launin rigarsa. Ta tuɓe wa ɗaya riga, sai ga wani abu siriri kamar gashin jariri. Na ce a raina, a kan wannan na baro Bungudu?

Na yi shekaru ina haɗa waya da filaya da haƙori. Ban taɓa ganin aiki irin na matar nan ba. Ta zura gashin a cikin kai, ta sa gam, ta jira ya bushe, ta yanke, sannan ta riƙa goga bakin a kan wani faifai a hankali kamar mai niƙa kwalli. In ta goga sai ta leƙa ta wani ɗan madubi, ta girgiza kai, ta sake gogawa. Da ta gama na farko na miƙa yatsa zan shafa in ji santsinsa. Tas! Ta make mini hannu. Rabon da mace ta make mini hannu tun Innata. Ummaru ya ce wai ta ce maiƙon yatsana kaɗai ya isa ya tare hasken. Ta sake goge shi tana harara ta.

Kwana biyu ta yi a kan kawuna takwas. Mu kuwa muka sauka a Zango, wurin Hausawan can, masu Hausar da sai ka karkata kunne. Suka ciyar da mu wani farin tuwon ƙullu mai tsami naɗe a ganye, da soyayyen kifi. Wannan kam na ci, har na nemi ƙari.

Ranar karɓa ta haska jar fitila a kowane kai, ta nuna mini yana fita ta ɗaya gefen, huɗu cif. Ta sa wa kowanne hula, ta naɗe wayar ta yi gammo babba, ta sa a kwali. Sannan ta zari tsinken tsintsiya ta riƙe a gaban hancina, ta karya shi, ƙas, ta nuna kwalin, ta nuna ni. Wannan bai buƙaci Ummaru ba.

A boda wajen dawowa aka ce in buɗe. Ma'aikacin kwastan ya juya gammon nan, ya nemi inda ake sa shi a wuta bai gani ba. Na cire hular kai ɗaya, na ɗora tocilata, na ce ya duba ɗaya bakin. Ya duba. Ya ɗago ya kalle ni, ya sake dubawa. Sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. Kan ka ce kwabo mutum shida sun kewaye ni. Wannan ya ce in kashe, in kashe, ya ce in kunna. Wancan ya karɓi tocilar da kansa don kada a ce dabo nake. Wani ya bi gammon da yatsa yana neman inda na ɓoye batir. Ni dai bakina bai daina "a hankali, ranka ya daɗe, a hankali" ba. Layi ya taru a bayana ana ta tsaki. Da ƙyar suka sallame ni, babbansu har da ba ni hannu.

Muna shiga Ikko ruwa ya ɓalle. Kafin mu kai masauki kwalin ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Na zauna na yi tagumi. Kwana biyu a mota, ga 'yan lodi masu jifa da kaya, masu take komai da ƙafa su ɗaure da igiya, yaya zan yi?

Ummaru ya ce, "Kwantar da hankalinka. Mu da muke aika ƙwai har Mada?"

Ya samo sabon buhu da garin rogo. Ya naɗe gammon a leda, ya zuba gari a ƙasa, ya kwantar da shi a tsakiya, ya cika da gari ta ko'ina, ya ɗinke baki. Ya ce, "Ko an yi jifa da shi gari zai tare. Ɓarawo ba ya kallon buhun gari. Ka isa gida kuma ga tsaraba." Wallahi na yaba dabarar nan, har na rungume shi.

Ban yarda an kai buhun but ɗin mota, wurin kaya, ba. Kujera ya samu tasa, kusa da taga. Wata mata ta shigo a Ibadan ta ce a sauke shi ta zauna, na ce sai dai ni in sauka. Wani ya ce a ƙyale ni, amaryata ce. Sunan ya bi mota, duk inda aka tsaya sai a ce, "Malam, amarya ba za ta ci abinci ba?" Ban kula su ba. In na sauka salla da shi nake sauka, in jingine shi a gabana. Wani yaro ya zo zai hau kai a Tegina, tsawar da na daka masa har direba sai da ya waigo. Haka na riƙo shi, ban runtsa da ido biyu ba, har muka wuce Funtuwa na fara jin ƙanshin gida.

Dama Injiniya ya ce in na dawo in fara sauka Tsafe in ajiye wayar eriya da kawunan jan ƙarfe na ƙarfen can. Da hantsi na sauka, aka ɗauko mini kaya a baro har ƙofar sito. Na sauke buhun da hannuna, na jingine shi a bango, na yi ajiyar zuciya. Na ce alhamdu lillahi, an iso ƙasarmu.

Mai kula da siton Tsafe shi ne Malam Dahiru. Dattijo ne, sa'an mahaifina, tun kafin a haife ni yake harkar hatsi. Kun san ƙarfen nan mai tsini, mai rami kamar kwararo, da ake soka wa buhu a zaro samfur a ga ko hatsin ya bushe, ko an cusa tsakuwa a tsakiya. To na Malam Dahiru ba ya barin hannunsa. Ba buhun da ke wuce ƙofar nan bai sha suka ba, kuma ba ya ma duban buhun, hannun ne ke aikinsa shi yana hira.

Ya fito da fara'a. "A'a, Lawali! Mutanen kurmi! Sannu da hanya. Ina gajiya? Ya ka baro su Ummaru?"

Ina cikin amsawa, na sunkuya ina kwance wayar eriya, sai na ji caɓ.

Na ɗago. Ƙarfen ya nutse a cikin buhuna har kusan mariƙi. Ya murɗa shi yadda suke yi, ya zaro, ya zazzage gari a tafin hannu, ya watsa a baki.

"Garin ga ya ji rana," in ji shi yana taunawa. "Amma akwai wani abu ciki. Ƙarhe ya turje."

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. 'Yan dako suka watsar da buhuna suka sheƙo, sun ɗauka kunama ce. Ni kuwa idona ya rufe. Abin da na faɗa wa dattijon nan ba zan rubuta shi duka ba, don ina jin kunya. Na ce na ƙetare boda da ita, na tsare ta daga 'yan lodi da ruwa da ɓarayi, sai a hannun tsohon da hannunsa ya riga hankalinsa za ta mutu. Na ce ya kashe ni, ya kashe aikina, ya je ya yi ta sukar buhu har kabari. A gaban yaransa na faɗa.

Na dubi Malam Dahiru. Garin na nan a gefen bakinsa. Da ya gane abin da ke cikin buhun, sai ya dubi ƙarfen hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, a hankali, "Ban sani ba, Lawali. Buhu na gani."

Ya shiga ya sako babbar riga ya ce tare za mu Gusau. Muka hau a-kori-kura, buhu a tsakaninmu, gari na tsiyaya ta ramin.  Ni ina lissafin yadda zan kalli Akawu. Shi ban san abin da yake lissafi ba, amma na ga ya toshe ramin da babban yatsansa tun daga Tsafe, bai ɗaga ba.

Muka tarar da Alhaji a ƙofar babban sito ana sauke masara. Ya hango mu ya taho da murna. "Lawali! Barka da sauka! Wanga hwa, tsaraba ta?" Sai na ga hannunsa na dama ya ɗaga, da nasa ƙarfen a ciki.

Na yi tsalle na faɗa kan buhun na rungume shi. "Alhaji, kada! Don girman Allah, kada!"

Ya tsaya da ƙarfe a sama. "Yaron ga lahiya yake?"

A ofis aka farke ɗinkin. Injiniya, da ya leƙo Gusau ran nan, ya zaro gammon, ya kakkaɓe, ya warware ledar, ya bi wayar da yatsa zagaye bayan zagaye. Ya tsaya. Ga shi nan, rigar wayar ta tsage kamar tsawon farce. Ya ɗauko fitilarsa ya ba ni ɗaya gefen in duba. Akawu ya bar teburinsa ya matso, har da gyara tabarau.

Kai na farko, duhu. Na ce ya sake. Ya sake, duhu.

Na biyu, duhu. 

Na uku, sai ga ɗan jan haske kamar ƙwayar gero. Na ce, "Akwai!" da wata murya da ba tawa ba.

Na huɗu na kasa saita idona. Malam Dahiru ne ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ga shi nan. Wallahi ga shi nan."

Injiniya ya sauke numfashi. Ya ce wa Alhaji zare biyu ake buƙata, ɗaya na kai saƙo, ɗaya na dawo da shi. Sauran biyun na ajiya ne don ɓacin rana, kuma su ne suka tafi. Zai naɗe wurin tsagar, aiki zai yi. Amma daga yau in ɗaya ya sake karyewa, sai wani ya koma Kwatano.

Alhaji ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Wa yas soke ta?"

 Sunan na kan harshena, kuma gaskiya ne, kowa a Tsafe shaida ne. Na dubi Malam Dahiru, na ga garin da ya manne a babban yatsansa. Na ce, "Alhaji, ni na sa ta a buhu."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Ni na sa ta a buhu, ni na kai buhun ƙofar sito, ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba."

Malam Dahiru ya matso zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya jawo buhun da ƙafa, ya duba ramin. "Ƙasa-ƙasa, ta hagu, an murɗa. Ko cikin buhu dubu na san sukar Dahiru. Zauna, Malam, aikinka ka yi. Da buhu ya shiga sitona ba ka soke shi ba, da yau mun ɓata."

Sannan ya juyo kaina. "Kai ko, ka san halin Ikko, ka san halin Kwatano, ka yi dabarar 'yan lodi da ɓarayi. Gidan da kake aiki ɗai ka manta da halinshi."

Na sunkuyar da kai. Ta gefen ido ina ganin Akawu yana murmushi, na ce shi ke nan, ƙwan fitila ya yi kira.

Alhaji ya ce, "Injiniya, biyun ga na aiki?"

"Suna yi, Alhaji."

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin ɗakin na'ura da ke gindin ƙarfen, ya jefo mini. Ban cafe ba, sai da na tsince shi a ƙasa. Ya ce, "Riƙe. Wanda ya san biyu ɗai sunka rage mai, ya hi kowa iya tsaronsu."

 Na juya wurin Malam Dahiru, na durƙusa har ƙasa a gaban kowa, har da Akawu, na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a gaban yaranka. Ka yafe mini. Gobe zan zo Tsafe in maimaita a gabansu."

Idonsa ya kaɗa. Ya dafa kaina ya ce, "Na yahe, Lawali. Tashi."

Na tashi ina share fuska. Shi kuwa ya dubi tulin garin da ke zube a kan leda tsakar ofis, ya ɗan yi gyaran murya.

"Garin ga hwa," in ji shi, "in ba wani abu za ka yi da shi ba."

Ni na ɗinke masa buhun da hannuna, na ɗauka a ka har tasha.